Naɗar tatsuniyoyin ban tsoro don yara: yaya za a yi kada su firgita?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ina so in naɗi tatsuniyoyin Dodo da fatalwa a waya in riƙa tura wa iyaye, amma ina gudun yara su kasa barci. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya. Idan kaka tana tatsuniya a tsakar gida, idonta yana kan fuskar jikokinta; da ta ga ƙaramin ya lafe a jikinta sai ta sassauta murya. Waya ba ta ganin fuskar kowa, don haka wannan sassaucin ke za ki saka shi tun wurin naɗi.

Ki fara da raba shekaru. 'Yan 5 zuwa 7 Dodo ya ishe su, musamman inda Gizo ko wata yarinya mai wayo ta yi galaba a kansa, kuma kada ya wuce minti 6. Labarin fatalwa da aljanin gindin tsamiya a bar wa 'yan 9 zuwa 12. Ko su ɗin, ki cire siffanta gawa da makabarta, domin yaro yana wucewa ta gefen makabarta da gaske, Dodo kuwa ya san a tatsuniya yake zaune. In kina neman tsofaffin labarai, akwai Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i 3 da aka buga tsakanin 1911 da 1913, da yawansu daga ƙasar Sakkwato aka tattaro. Ba don yara aka rubuta shi ba, sai an tace sosai.

Abin da ya fi firgita yaro a kunne shi ne ƙarar ba-zata: kururuwa, bugun ƙofa, dariyar ƙeta. Ki guje musu duka. Ki kaurara murya kaɗan in Dodo zai yi magana, ki dawo da taki nan take, don yaro ya ji har yanzu malamarsa ce. Waƙar cikin tatsuniya kuwa kada ki yanke ta. Maimaicinta ne ke ba yaro damar sauke ajiyar zuciya. Bayan "Ga ta nan, ga ta nan ku" ki yi shiru na daƙiƙa 3 su amsa "Ta zo mu ji ta", kuma lallai ki rufe da "Ƙurunƙus", alamar an fito daga labarin.

Wurin naɗi, ki zaɓi ɗaki mai katifa da labule, domin ɗakin da ba kaya amsa-kuwwa yake yi. A kashe fanka da janareta. Da zafin Sakkwato wannan na nufin bayan asuba, kafin babura su fito. Ki ajiye wayar taƙi ɗaya daga bakinki, a ɗan karkace, kada iskar numfashi ta buga ta. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, da ita za ki yanke tari da kuskure. Ki fitar da sautin a MP3 mai 64 kbps (ma'aunin ingancin sauti): minti 10 bai kai megabait 5 ba, zai tafi a WhatsApp ba tare da cinye datar iyaye ba.

Kafin ki tura, ki kunna wa yara 3 ko 4 da rana kina kallon fuskarsu. Duk inda wani ya toshe kunne, ki sake naɗar wurin. Sannan ki roƙi iyaye su saka a sifika suna kusa, kada a maƙala wa yaro abin kunne a cikin duhu.