Idan Gilashin Taga Ya Yi Gumi

Ka tambaye ni abin da za ka faɗa wa maigidan da ya kira yana faɗa, wai tagogin alminiyum da aka saka masa suna yoyo: da safe gilashi ya jiƙe sharkaf, fentin ƙasan taga ya fara kumbura, alhali ko yayyafi ba a yi ba a daren. Har kana cewa ko ka ɗauki silikon ka je ka sake zagaye firam ɗin. Ajiye silikon tukuna, yaro. Idan gumi ne, duk kafar da ka toshe ƙara wa matsalar ƙarfi ka yi.

Ka je gidan da sassafe, kafin rana ta taɓa tagar, domin da hantsi ba abin da za ka tarar. Ka shafa yatsa a gilashin ta ciki. Idan ya jiƙe, gumin na ciki ne. Idan bai jiƙe ba, zagaya ka shafa ta waje. Idan gilashin mai falle biyu ne, ka shafa nan ka shafa can duk a bushe amma hazon yana nan, to ruwan yana tsakanin fallayen. Kowanne da sanadinsa, kuma na ukun ne kaɗai za ka iya cewa kai tsaye laifin kayan ne.

Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya danganta da zafinta. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, a zafin digiri 30 tana riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 20, giram 17. A digiri 10, giram 9 da ɗoriya. Da zarar iska mai danshi ta taɓa abin da ya fi ta sanyi sosai, sai ta sauke rarar a jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo ke jiƙewa idan an fito da ita daga firij. Ba daga cikin kwalbar ruwan ya fito ba. A ɗaki kuwa ba abin da ya kai gilashi da firam ɗin alminiyum sanyi, shi ya sa su ne ke fara nunawa.

Ka sayi ɗan agogon nan mai batir da ke nuna zafi da danshi, ka riƙa yawo da shi a akwatin kayan aiki. Lissafinsa ba wuya: cire adadin danshin daga 100, raba abin da ya rage gida 5, sannan ka cire amsar daga zafin iskar. Abin da ka samu shi ne sanyin da gilashi zai kai ya fara gumi. Ɗaki mai digiri 22 da danshi kashi 70: 30 a raba 5 ya ba da 6, a cire daga 22 saura 16. Duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 16 a ɗakin nan zai jiƙe. Lissafin yana tafiya daidai ne idan danshin ya haura kashi 50, kuma a nan ne dama ake samun matsalar.

Gumin waje shi za ka fi gamuwa da shi a Kano, Kaduna da Abuja, a tsakiyar damina, musamman cikin Agusta. Da asuba iskar waje tana iya zama digiri 24 da danshi kashi 95, wato digiri ɗaya kacal ya rage ta sauke ruwa. Mai ɗaki kuma ya kwana da AC a kan 16 ko 18. Gilashi mai falle ɗaya ba ya tare komai, sanyinsa yana zama tsakanin na ciki da na waje, ya sauka 21 ko 22, sai bayansa ya yi gumi. Wannan ba ya cutar da ɗaki muddin ruwan yana da hanyar sauka. Ka ce su mai da na'urar kan 24 ko 25. Ka kuma duba inda bakinta ke hurawa: idan tana fuskantar taga, a juya fukafukanta, ko a saki labule tsakani. Sau da yawa taga ɗaya ce ke gumi a gida duka, kuma ita ce wadda AC ke hura wa kai tsaye.

Gumin ciki na hunturu ne, shi ne kuma mai ɓarna. Mutane suna mamaki, su ce iskar hunturu da ke fasa leɓe ina ta ga ruwa? Gaskiya ne iskar waje a bushe take, amma ba ita ke cikin ɗakin ba. An rufe ƙofa, an ja tagogi, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa saboda sanyi da ƙura, ruwan kuma mutanen gida ne ke samar da shi. Babban mutum yana barci yana fitar da kusan giram 40 a awa ta numfashi da fata. Mutum biyar a awa takwas sun haura lita ɗaya da rabi. Kilo ɗaya na gas idan ya ƙone yana sakin fiye da kilo ɗaya da rabi na ruwa, ban da tururin tukunyar da ke kai. Litar kananzir a risho tana ba da kusan litar ruwa. Ga ruwan wanka da ake dafawa a cikin ɗaki, ga kayan jarirai da aka shanya a igiya ko a kan kujera, wanki ɗaya yana iya sakin lita biyu.

Ɗauki Jos, inda dare a Disamba da Janairu yake sauka wajen digiri 10. Ɗakin da muka lissafa ɗazu, mai digiri 22, gilashinsa mai falle ɗaya zai kai kusan digiri 13 ta ciki. Iyakar kuwa 16 ce. Dole ya jiƙe, ko wane gwani ne ya saka tagar. Da falle biyu ne, fuskar ciki za ta tsaya tsakanin 17 da 18, ta tsira da ƙyar.

Firam ɗin ma kada ka manta da shi. Alminiyum yana ɗaukar zafi da sanyi fiye da katako sau dubu da wani abu, don haka sau da yawa shi ke riga gilashin jiƙewa, ruwan ya gangaro ya taru a kusurwar ƙasa. Akwai firam mai tsirin roba mai tauri a tsakiya, wanda ya raba ɓangaren waje da na ciki, akwai kuma na uPVC, wato firam na roba mai tauri, duk sun fi na gama-gari a wannan fanni. Sai dai tsadarsu ba ta kowa ba ce, kuma ni ban ga dalilin tura mai ɗaki biyu ga canza tagogi ba alhali buɗe su na minti goma zai wadatar.

Abin da za ka faɗa wa masu gida ke nan. Da safe a buɗe tagogi biyu masu kallon juna minti 10 zuwa 15. Busasshiyar iskar hunturu tana kwashe danshin nan da nan. Da dare a bar ganyen taga ɗaya a zuge kamar faɗin yatsa, raga tana tare sauro. A rufe tukunya in ana girki, a ja ƙofar kicin da ta banɗaki don kada tururi ya bi cikin gida. Banɗakin cikin ɗaki yana son fanka mai zuƙe iska mai inci 4, kicin mai inci 6, a bar ta tana aiki minti 15 bayan an gama. Ka tabbata bututunta ya fita waje. Wasu masu aikin wayar lantarki suna sakin sa cikin silin, tururin ya je ya lalata katakon rufi da POP. A bar tazarar santimita ɗaya a ƙasan ƙofar banɗakin, in ba haka ba fankar ƙara kawai za ta yi, ba iskar da za ta ja. Labule mai kauri da ya manne da taga yana hana ɗumin ɗaki isa ga gilashin, ya ƙara masa sanyi, don haka a zuge shi da gari ya waye.

Idan ka tarar da kaskon gawayi a ɗakin kwana a rufe, bar maganar taga ka yi musu wannan tukuna. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Sabon gini kuwa sha'aninsa daban. Ruwan da aka kwaɓa kankare, filasta da daɓe da shi yana ɗaukar watanni yana fita. Daɓen siminti yana bushewa ne kusan milimita ɗaya a rana, mai kaurin santimita 4 ya kusa sati shida ke nan, in ya fi haka kauri kuma ya fi jinkiri. Idan aka saka tagogi aka kulle gidan, ruwan nan gilashi zai nufa. A bar su a buɗe da rana.

Yanzu namu ɓangaren, don ba kullum muke da gaskiya ba. Gumi zai zo, aikinmu shi ne ya sami mafita. Layin ƙasa da ganyen taga ke gudu a kai dole ya kasance da ramukan fitar ruwa ta waje, kowanne kamar milimita 5 faɗi, milimita 20 tsawo, ɗaya kusa da kowane gefe, ɗaya a tsakiya idan tagar ta wuce mita ɗaya da rabi. Bayan masu filasta da masu fenti sun tashi, koma ka duba su, domin siminti ko fenti ya kan toshe su, ƙurar hunturu ma haka. Zura waya ka buɗe, ka zuba kofin ruwa a layin ka ga ya fita waje. Idan ya tsaya ko ya dawo ciki, firam ɗin ya karkata ne. Kusurwoyin ƙasa biyu, inda aka haɗa da sukurori, a shafa musu silikon lokacin haɗawa, ta nan ruwa ke sulalewa cikin bulo. Dakalin taga na waje ya gangara waje, da ɗan tsagi a ƙarƙashin leɓensa don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Silikon mai warin tsami ba ya kama siminti da kyau. Nemi marar warin.

Gilashi mai falle biyu, irin 4-12-4, wato gilashi milimita 4 biyu da tazarar 12 a tsakani, yana da sanda a gefensa cike da ƙwayoyin da ke shanye danshi, an kuma like shi da gam hawa biyu. Idan hazo ya bayyana a ciki, likin ya buɗe, ƙwayoyin sun ƙoshi. Ba ya goguwa, kuma huda shi ɓata lokaci ne. Auna faɗi, tsayi da kauri, a yanko sabo, firam ɗin yana nan. Abin da ya fi kashe shi shi ne zama cikin ruwa, don haka ka ɗora shi kan ƴan robobi biyu masu kaurin milimita 5, kada gindinsa ya taɓa firam, ka kuma bar ramukan ruwa a buɗe.

In kana shakkar ko yoyo ne na gaske, dubi kamanninsa. Gumi yana rufe gilashi da ƙananan ɗigo, ya fi yawa a ƙasa, ya zo da asuba ya tafi da rana. Yoyo yana bin ruwan sama, daga wuri ɗaya yake fitowa, ya bar sawu. Sa wani ya tsaya ciki, kai ka watsa ruwa da tiyo daga ƙasan taga kana hawa sama a hankali, minti biyar a kowane mataki. Don bango kuma, manna leda mai faɗin tafin hannu biyu da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana biyu. Idan fuskarta ta waje ta jiƙe, iskar ɗaki ce. Idan ƙarƙashinta ne, ruwan daga cikin bango yake, aikin birkila ne.

Baƙin fumfunar da ta kama roba da kusurwa, a goge ta da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, taga a buɗe, kada a gauraya shi da wani maganin wanki, a kuma ɗauraye alminiyum ɗin da ruwa bayan nan don bilic yana cin sa. Silikon da ya yi baƙi har ciki yanke shi za ka yi da reza ka sa sabo, bayan wurin ya bushe sarai. Fentin da ya kumbura ma a kankare, a ba bangon sati biyu ko uku ya sha iska kafin mai fenti ya dawo.