Zakara, gwani ko gwarzo? Amsoshin tambayoyinku kan gasar wasa goma

Tambayoyin wannan karon kusan duk a waje ɗaya suka taru, wato gasar nan da ake ce wa dikatalon, wadda mutum ɗaya ke yin wasa goma cikin kwana biyu. Na tsinci waɗanda suka shafi harshe, masu tambayar wa zai ci gasa mai zuwa kuma ku yi haƙuri, wannan ba fagena ba ne.

Wani ɗan uwa ya ce: "Malam, wai me za mu kira wannan gasa da Hausa, kuma daidai ne a ce mata tsere?"

Toh ɗan uwa, kalmar dai ta Girkanci ce, deka goma, athlon kuma gasa ko ladan gasa, ka ga in ka ce "gasar wasa goma" ka gama magana, ba ka ci bashin kowa ba. Amma tsere kam a'a. Tsere na gudu ne, wa zai riga wani isa, shi ya sa muke cewa ya tsere masa. A cikin goman nan huɗu ne kawai tsere: mita 100, mita 400, mita 110 na tsallen baɗake mai shinge goma, sai mita 1500 da ake rufewa da shi. Sauran shidan uku tsalle ne, dogon tsalle da tsallen sama da tsalle da doguwar sanda, uku kuma jifa, jifan dalma mai nauyin kilo 7.26, faifai mai kilo 2, da mashi mai giram 800. Ranar farko ana yin mita 100, dogon tsalle, dalma, tsallen sama, a rufe da mita 400, washegari a tashi da baɗake, faifai, sanda, mashi, sannan 1500. Gasa ita ce kalmar da ta ɗauke su duka. Takara ma da can ta isa, sai dai 'yan siyasa sun riga sun ƙwace ta, yau in ka ce ɗan takara ba wanda zai kawo mai riƙe da mashi a ransa.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi min daɗi. Wata malama ta ce: "Malam, wanda ya ci gasar, zakara ne ko gwani ko gwarzo? Na ji 'yan jarida na cakuɗa su."

Suna cakuɗawa kam malama, kuma a wasu wasannin ba laifi, amma a wannan gasa bambancin ya fito fili. Gwani shi ne wanda ya ƙware a abu guda har ana nuna shi da yatsa, gwanin jifa, gwanin tsalle. Zakara shi ne wanda ya zo na ɗaya, daga zakaran kaji aka ɗauko, shi ke cara sauran su yi shiru, kuma matsayi ne na rana guda, gobe wani na iya karɓewa. Gwarzo kuwa ba a auna shi da matsayi, juriya ce da rashin gajiya da ƙin ja da baya. Mutum na iya zama gwarzo ya zo na goma sha biyar.

Abin da ya sa na ce bambancin ya fito fili shi ne yadda ake lissafi. Ba a duba wa ya zo na ɗaya a kowane wasa, kowane gudu ko tsalle ko jifa akwai jadawalin da ke mayar da shi maki, wanda ake aiki da shi yanzu tun 1985 yake. Misali dogon tsallen mita 7.76 maki 1000 ne, haka gudun mita 400 cikin daƙiƙa 46.17, haka jifan mashi na mita 77.19, a ƙarshe a tara duka. Saboda haka kana iya zama zakara ba tare da ka zama gwanin ko wasa ɗaya ba, muddin dai ba ka da inda ka yi rami. A gasar Olamfik ta Rum a 1960 Yang Chuan-kwang na Taiwan ya fi Rafer Johnson na Amurka a wasa bakwai cikin goma, amma Johnson ya ba shi tazara mai yawa a jife-jifen nan uku, da aka zo mita 1500 sai kawai ya liƙe masa a baya ya ƙi bari ya ɓace masa, ya ɗauki zinare da ratar maki 58. Kuma abokan juna ne, mai horar da su ma ɗaya ne a jami'ar da suke karatu a Kalifoniya.

Nan ne karin maganar nan ta "mutum tara yake, bai cika goma ba" ta zauna daram kamar don gasar aka yi ta. Ma'anarta ɗan Adam duk iyawarsa sai an samu inda ya gaza, kuma mun fi faɗinta in za mu yi wa wani uzuri. To duba, mai ƙirar da ke jefa dalma nesa nauyinsa ne zai ja shi ƙasa a mita 1500, siririn da ke shawagi a tsallen sama shi kuma faifai zai ba shi kunya, jiki ɗaya ba ya ɗaukar duka goman daidai wa daida. Har a lissafin ma abin ya yi kama, da mutum zai samu 1000 a kowane wasa da ya tara 10,000, amma ba wanda ya taɓa ko kusantar wajen. Roman Šebrle na Jamhuriyar Cek ne ya fara haura 9000, ya samu 9026 a garin Götzis na Ostiriya a 2001, Ashton Eaton na Amurka ya kai 9045 a Beijin a 2015, Kevin Mayer na Faransa ya kafa tarihin duniya da 9126 a garin Talence na ƙasarsu a 2018, sai Damian Warner na Kanada da 9018 a Olamfik ta Tokiyo. Duk gwanayen duniya a tara da 'yan kai suka tsaya. Ni dai a ganina wanda ya ci a ce masa zakara, duk wanda ya kammala goman a ce masa gwarzo, kuma su kansu 'yan wasan kamar haka suka ɗauki abin, don bayan gudun ƙarshe tare suke zagaya fili su gaida 'yan kallo, na ɗaya da na ƙarshe.

Af, malamar ta kuma tambayi "zakaran gwajin dafi". Asalinsa zakaran da ake gwada dafin kibiya a kansa ne a ga ko dafin ya yi, wato shi ke fara karɓar wuya. Yanzu an fi amfani da shi wajen yabon wanda ya yi fice, kuma ba na faɗa da hakan, harshe yana tafiya.

Wani kuma ya ce: "Malam, akwai karin maganar da ta dace da wanda yake kan gaba sai wasa ɗaya ya rusa shi?"

Akwai mana: "tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba." Ana faɗinta kan kuskure guda da ke da sauƙin yi amma gyaransa ya gagara. A gasar nan ma a zahiri tsallen ne, don a tsalle da sanda kai ke zaɓar tsayin da za ka fara, in ka faɗi sau uku a jere ba ka haye komai ba to sifiri ne, maki wajen 800 ko 900 sun tafi, ba mashin da zai dawo da su. Dan O'Brien na Amurka yana zakaran duniya a 1992 ya je gasar tantance masu zuwa Olamfik ta Basalona, ya bar ƙananan matakai suka wuce ya fara daga mita 4.80, ya faɗi sau uku, shi ke nan bai je ba. Abin haushin a watan Satumba na shekarar ya kafa tarihin duniya da maki 8891, wato ba iyawa ya rasa ba, zinaren Olamfik kuwa sai 1996 a Atlanta ya same shi. Haka ta faru da Warner a Olamfik ta Faris a 2024, yana riƙe da kambu kuma yana cikin masu neman lamba, ya kasa haye mita 4.60. Masu horarwa da ke cewa a fara daga ƙasa a ajiye wani abu tukuna, "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki" suke faɗi ko ba su san ta ba, sai dai shi ma farawa daga ƙasan yana cin ƙarfi, mutum ya riga ya yi wasa bakwai ƙafafu sun yi nauyi, kowane ƙarin tsalle bashi ne da zai biya a 1500.

Wani matashi ya kawo misalin Niklas Kaul na Jamus, wanda ya kwana a matsayi na 11 bayan ranar farko a gasar duniya ta Doha a 2019 amma ya ƙare da zinare yana ɗan shekara 21, ya ce ko wannan ne "sannu sannu ba ta hana zuwa"?

A'a ɗana, ban yarda ba. Cikon karin maganar ai "sai dai a daɗe ba a je ba", magana ce kan mai tafiya a hankali da haƙuri. Kaul ba a hankali yake tafiya ba, iya ƙarfinsa yake yi tun safiyar farko, kawai dai wasannin da ya fi ƙwarewa an jera su ne a ƙarshe, ya jefa mashi mita 79.05 sannan ga shi da gudun 1500. Wadda ta dace ba a kansa take ba, a kan masu saurin naɗa wanda ya kwana a gaba take: "ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa", wato kar ka yanke hukunci tun lokacin gwaji bai wuce ba. A Faris Leo Neugebauer na Jamus ne ya kwana a gaba, amma Markus Rooth na Norwe ya karɓe bayan mashi ya gama da 8796, Neugebauer 8748, Lindon Victor na Girenada 8711. A mita 1500 kowace daƙiƙa maki shida zuwa bakwai ce, ka ga ratar 48 ɗin nan ba ta wuce daƙiƙa bakwai da ɗan abu ba bayan wahalar kwana biyu. Shekara na zagayowa Neugebauer ya ci gasar duniya a Tokiyo da 8804, Ayden Owens-Delerme na Puwato Riko na biye da 8784, shi kam "da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni" ce tasa.

Ta ƙarshe gajeriya ce, wata 'yar uwa ta ce me ya sa wasu ke rubuta zinare wasu zinariya, kuma tagulla fa?

Duka biyun Hausa ne 'yar uwa, har da zinari, bambancin karin harshe ne da jinsi, zinare namiji zinariya mace, masana kuma na danganta su da dinari na Larabci. Azurfa daga harsunan Berber ta shigo mana. Lamba da maki kuwa aron Turanci ne da suka daɗe har sun zama 'yan gida. Tagulla a asali jan ƙarfe ce, lambar na uku kuma gami ce da jan ƙarfen ya fi yawa a ciki, don haka sunan bai kauce ba. Wanda ya kauce shi ne zinaren, don lambar Olamfik ta yanzu azurfa ce aka shafa mata zinare aƙalla giram 6. Rabon da a ba da ta zinare zalla tun Stockholm a 1912, shekarar da Jim Thorpe na Amurka ya ci wasa goman, aka ƙwace nasa a 1913 wai ya taɓa karɓar kuɗi a wasan besbol, ba a mayar wa iyalinsa ba sai 1983, shekara 30 bayan rasuwarsa, sannan a 2022 aka tabbatar shi kaɗai ne zakaran wannan shekara.