Ɓaraka daban, yagewa daban: amsoshi kan kalmomin ɗinki

Wata mai karatu, wadda ta ce tun tana ƙarama kakarta ta koya mata riƙon allura kuma har yau ba ta rabu da ɗinki ba, ta yi tambaya: me ya sa in an sasanta mutane ake cewa an "ɗinke ɓaraka", ba a cewa an ɗinke yagewa?

Malama, amsar tana cikin sana'arki. Ɓaraka buɗewar ɗinki ce a inda aka haɗa ƙyalle biyu. Zaren ne ya tsinke ko ya zame, yadin kuwa lafiyarsa lau. Yagewa a jikin yadin take, kamar in ƙusa ta fizgi riga, ita kuma sai maho ko faci, tabon ba ya ɓuya. Shi ya sa ba a kiran rigimar baƙi biyu ɓaraka. Sai waɗanda dā ma a haɗe suke: 'yan uwa, miji da mata, 'yan jam'iyya ɗaya.

Ɓaraka ta fi aukuwa a hammata, da hantsar wando, da bakin aljihu, wuraren da ake yawan ja. Galibi laifin na mai ɗinkin ne. Ko dai ya matse bakin ƙyallen, bai bar rarar da ta kai santimita ɗaya da rabi ba, sai yadin ya zare ya kuɓuce, ko kuma bai kulle ɗinkin ba, wato bai koma baya sau uku ko huɗu a farko da ƙarshe ba. Tsohon zare da ya sha rana shi ma yana tsinkewa da ɗan ja kaɗan. Wajen gyara, a juya rigar, a tsince tsinkakken zaren, a fara ɗinki kamar inci ɗaya kafin inda ta buɗe, a bi tsohon layin, a zarce da wani incin, a kulle. Wanda ya tsaya daidai bakin ɓarakar, kwana kaɗan za a dawo masa da rigar.

Wani kuma ya nemi bayanin "allura ta tono garma". Garma babbar fartanya ce ta yin kunya a gona, allura kuwa da ƙyar ake ganinta in ta faɗi ƙasa. Ana faɗin haka in ƙaramin bincike ya bankaɗo babban al'amari: an zo neman ba'asin ɗan kuɗin da ya ɓace, sai ga satar shekaru ta fito fili. Wasu kan yi amfani da ita a kan ƙaramar magana da ta zama faɗa, amma ni a ganina ƙarfin maganar yana kan "tono", abin da yake binne ne ya bayyana. Allura da almakashi duk aro ne daga Larabci. Hudar da zare ke shiga ita ce kafar allura, kamar yadda masu tafsiri ke faɗa a aya ta 40 ta Suratul A'araf, inda aka ambaci shigar raƙumi cikinta. Babbar allurar ɗinkin buhu ita ce basilla. Ta keken ɗinki kuwa da lamba ake saninta: 11 don yadi mai shara-shara, 14 don matsakaici, 16 zuwa 18 don mai kauri. In aka sa siririya a yadi mai kauri ta lanƙwashe ko ta karye, in aka sa mai kauri a siririn yadi ta bar huda.

"Zaren ba kalar yadin ba ne" fa, tsohuwar karin magana ce? A'a. "Kala" da "yadi" duk daga Ingilishi suka shigo, da tsohuwa ce da "launi" za mu ji. Ana nufin wane ba sa'an wane ba ne, musamman a zancen aure. Teloli sun san tushenta: ba a gwada zare yana naɗe, sai a warware sili ɗaya a ɗora kan yadin a hasken rana. In babu daidai, a ɗauki wanda ya ɗan fi duhu, don mai haske yana fitowa ɓaro-ɓaro.

Tela ma aro ce daga Ingilishi. Kalmar gida ita ce maɗinki, kamar yadda saƙa ta ba da masaƙi, rini ya ba da marini. Kwarkwaro kuwa daga masaƙa teloli suka gaje shi, suka laƙaba wa ɗan abin da ke riƙe zaren ƙasa a keke. Yakan sha zargi a banza: in zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, yawanci zaren sama ne bai shiga wurin da ke matse shi ba. A ɗaga ƙafar keken mai danne yadi, a zare zaren saman gaba ɗaya, a sake zurawa tun daga farko.