Amsa ga 'yar uwar da aikin gilashinta ke ta tsagewa

Wa'alaikissalam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kin haɗa fasassun kwalabe kore da ruwan ƙasa a kan gilashin taga kin saka a tanderu, ya fito tas gwanin kyau, bayan kwana biyu kika tarar ya dare gida biyu ba wanda ya taɓa shi, kuma ga baje koli na tafe. Wallahi sai da na ji abin a raina, don ni ma haka ta faru da ni a farko, faranti ne shuɗi na ajiye a kan durowa, cikin dare na ji ƙas! kamar an karya tsinke.

Ba hannunki ba ne, gilasan ne ba jinsi ɗaya ba. Kowane gilashi da yadda yake buɗewa in ya ji wuta da yadda yake tsukewa in yana hucewa, to in kika narka biyu da ba su dace ba, wannan na ja wancan na ja, ƙarshenta sai an rabu, ko yau ko bayan wata guda. Shi ya sa masu yin gilashin narkawa suke saka lamba, na kamfanin Bullseye da ke Amurka 90 ake ce masa, akwai kuma mai 96, kuma ko su biyun nan ba a haɗa su. Kwalabe kuwa kowace masana'anta da nata haɗin. Ni dai in da kwalba zan yi aiki to kwalba ɗaya nake fasawa in yi abu ɗaya da ita, in gilashin taga ne daga falle ɗaya nake yanka komai. In kala kike so ki tara kuɗi ki sayi na narkawar ko kaɗan ne, ya fi miki asarar wuta.

Akwai gwajin da nake yi, ki narka ɗan guntu a kan gilashi fari garau wanda haske ke ratsawa, ki buɗe farin shafi a allon kwamfuta ki ɗora shi a gaba, sai ki leƙa ta baƙin tabarau irin mai kashe ƙyalli kina juya shi a hankali har allon ya yi duhu. In kika ga haske ya zagaye guntun kamar wata ya yi lalle, to akwai matsala a ciki, kar ma ki ɓata lokacinki.

Na biyu kuma hucewa, nan ne yawancinmu muke gaggawa. Narkewa sosai wajen digiri 800 ne a ma'aunin Celsius, amma aikin gaske yana wajen saukowa. Na Bullseye ana tsayar da zafinsa a digiri 482 kamar awa ɗaya in kaurinsa milimita 6 ne, sannan a sauko sannu sannu, kwalba da na taga su sun fi son sama da haka, wajen 540. Kuma don Allah kar ki buɗe murfin don ki leƙa, na san zuciya na ƙaiƙayi, amma ki bari sai kin iya ɗauka da hannu ba tsumma. Ni sau biyu ana ɗauke min wuta daidai lokacin tsayawar nan, duka biyun aikin ya tsage, yanzu ba na kunnawa sai janareto na da mai a shirye. Ki riƙa goge gilashin da sifirit kafin ki jera, zanen yatsa kaɗai ya isa ya bar miki hazo fari a sama wanda ba ya wankuwa.

In kin samu hali ki je Bida ki ga 'yan Masaga, da kwalabe suke yin duwatsun wuya da awarwaro tun kaka da kakanni, ki lura in sun gama abu ba sa barin shi a iska, a toka suke binne shi ya huce.

Maganar baje koli, gilashi haske yake ci. Na taɓa jera nawa a kwance kan baƙin ƙyalle, mutane suna wucewa kamar ba su gani ba, washegari na tsayar da su a kan 'yan katako kusa da taga, sai ga kore da ja sun zubo a kan farin teburi, wata dattijuwa ta tsaya tana saka tafin hannunta cikin kalar tana dariya, ita ta fara saye. Ki shafe gefuna kar su yanki yara, ki naɗe kowanne daban in za ki tafi, kuma duk wanda kika haɗa kwalba da taga a ciki ki bar shi gida ko da bai tsage ba tukuna, kar ya je ya dare a ɗakin wanda ya ba ki kuɗinsa.

Ki faɗa min girman tanderunki da kaurin abin da kike sakawa, sai in rubuto miki yadda zan tsara wutar in ni ce.