Bahago da ɗan hakin da ka raina

Wata malamar firamare daga Daura ta tambaye ni: me ya sa ake cewa "bahagon lamari", kuma aibu ne yaro ya tashi bahago?

Malama, bahago daga "hagu" ya fito, da ɗafin "ba-" irin na Bakatsine. Mace bahaguwa ce, jam'i kuma bahagwai. Da yake da dama muke ci, da ita muke gaisawa, sai muka ɗauki hagu a matsayin baya, har ana dukan hannun yaro don ya sauya. Daga nan duk abin da ya zo ta inda ba a saba ba, ya ƙi kamuwa, aka kira shi bahago.

To amma je ki filin dambe. Yawancin 'yan wasa dama suke ɗaurewa, su yi garkuwa da hagu, kuma da irinsu suka saba karawa. Ranar da suka gamu da bahago, naushi ta ɓangaren da ba su tsare ba yake zuwa. Shi kuwa tun yana yaro da na dama yake fama, ya san su ciki da waje. Abin da aka yi masa gori a kai a gida, da shi yake kisa a fili. Ina roƙonki, ki bar ɗalibanki su yi rubutu da hannun da Allah ya hore musu. Cin abinci wata magana ce daban.

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Soro a Katsina ya nemi ma'anar "haki" a karin maganar "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido". Haki a nan ciyawa ce, ba numfashin wanda ya yi gudu ba. Ka lura, ba a ce hakin ya yi ƙarfi ba. Rainin ne ya hana mai ido kāre idonsa. Da itace ya gani, da ya kauce.

Misalin yana ƙofar gidanku. Tarihin baka ya ce Muhammadu Korau baƙo ne daga 'Yandoto, ya kayar da Sarki Sanau a kokawa, sarauta ta koma hannunsa. Takobin da ake dangantawa da shi yana cikin kayan sarautar Katsina har yau, kuma sunansa Gajere.