Inhela ce ta raunana huhun mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya daɗe da ciwon toshewar hanyoyin iska na huhu, wato COPD. A da sai ya hau bene yake haki, yanzu ko wanka ya yi sai ya huta. 'Yan'uwa sun ce inhela, wato abin da yake shaƙar magani da shi, ita ce ta bi jikinsa ta raunana shi, wai mu ɓoye ta. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Baba lafiya.

Ciwon nan ba ya warkewa, kuma tafiyarsa hawa-hawa ce. Mutum kan yi watanni da sauƙi, sai mura ta tayar da shi, tari ya ƙaru, kaki ya canja launi, numfashi ya sarƙe. Bayan tashi mai tsanani, da yawa ba sa komawa yadda suke. Tsoron haki ya sa su rage motsi, tsokar ƙafa ta saki, hakin ya riƙa zuwa da wuri. Rama da rashin barci da damuwa su biyo baya.

Maganar ɓoye inhela kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Inhela ba ta bin jiki. Ciwon ne ke ci gaba, shi ya sa buƙatarta ke ƙaruwa. Maganin cikinta kai tsaye yake shiga huhu, ɗan kaɗan ne, yana buɗe hanyar iska, irin waɗanda maganinsu ke daɗewa yana aiki kuma suna rage yawan tashin ciwon. Abin takaici, masu hana ta su ne za su kawo ƙwayar dekisametason ko faradinisolon a yi ta sha wata da watanni ba da sanin likita ba. Wannan kam tana ta da suga da hawan jini, tana cinye ƙashi, tana buɗe wa cututtuka ƙofa. Sai an kawo mana mara lafiya leɓe ya yi shuɗi, sannan a ce asibiti ta gaza. Waɗanda suka ba da shawarar ba ka ganin ko ɗaya a bakin gado.

Ku mayar da shi asibiti a duba yadda yake shaƙar inhelar, domin da yawa a baki maganin ke tsayawa. A raba shi da sigari da hayaƙi, a yi masa rigakafin mura da nimoniya, a nemi shirin motsa jiki na masu ciwon huhu, mako 6 zuwa 8. In ya fara ruɗewa, ko haki ya hana shi magana, a kai shi asibiti nan take.