Shin "assertive" cusa kai ne? Yadda Turanci, Rashanci da wasu harsuna ke kiran mai tura kansa gaba

Tambaya: Malam, ina fassara littafin horar da ma'aikata daga Turanci zuwa Hausa, sai na ci karo da kalmar "assertive". Na rubuta "mai cusa kai", amma wani abokin aikina da ya yi karatu a Rasha ya ce na mayar da yabo zagi, kuma wai su ma Rashawa kalmar tana ba su wahala. Haka ne? Yaya sauran harsuna suke kiran irin wannan mutum?

Amsa: Malama, abokin aikinki ya yi gaskiya. Da kin bar "mai cusa kai" a littafin, da duk wanda ya karanta zai ɗauka ana koya wa ma'aikata rashin kunya ne, domin mu a wurinmu cusa kai ba kwarjini.

Abin da Turanci ya yi shi ne ya raba hali ɗaya gida biyu, ya ba kowane gida sunansa. Mutumin da ya tashi a taro ya ce "wannan aiki ni na yi shi, kuma ina neman a ƙara mini albashi", idan ya burge mai ba da labari sai ya kira shi "assertive", idan ya ba shi haushi sai ya ce "pushy", daga "push", wato turawa. Ta farkon ma masana halayyar ɗan Adam ne suka ɗaukaka ta. A shekarun 1970 aka yi yayin darussa a Amurka inda ake koya wa masu nauyin baki yadda za su ce a'a, ko su nemi haƙƙinsu, ba tare da sun ci fuskar kowa ba. Daga nan kalmar ta shiga tallan neman ma'aikata. Ki kuma lura, mata sun fi shan "pushy" a kan abin da idan namiji ya yi za a yaba masa.

Rashanci ya fi kusa da mu. Akwai "vyskochka", daga aikatau mai ma'anar yin tsalle a fito waje. Ana faɗa wa ɗalibin da ke riga kowa amsawa tun malami bai kira shi ba, da wanda ya samu wuri jiya jiya ya fara iyayi. Zagi ne tsantsa, ɗan'uwan shisshigi da rawar kai. Yaron da ya cika cewa "ni, ni" kuwa, iyaye kan tuna masa cewa "ya", wadda ke nufin "ni", ita ce harafin ƙarshe a cikin haruffa 33 na rubutunsu. Wannan magana tana burge ni ƙwarai, musamman idan na tuna Turanci kullum da babban baƙi yake rubuta tasa "ni" ɗin, ko a tsakiyar jimla take.

Amma ba a nan Rashawa suka tsaya ba. Suna da "probivnoy", mai fasa bango ya wuce. A zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da gida da kayan masarufi sai an bi dogon layi da ofisoshi, mai irin wannan hali shi ke samo wa iyalinsa abin da wasu suka gaza samu. Masana'antu har mutum suke ajiyewa da ake kira "tolkach", ma'ana mai turawa, aikinsa ya yi ta zarya yana naci har a sako musu kayan aiki. Don haka "probivnoy" yabo ne, amma yabon da ake yi ana ɗan yamutsa fuska: ana bukatar mutumin, ba lallai a so zama da shi ba. Da suka zo kan ma'anar da kike fama da ita, masanansu aro suka yi, suka ce "assertivnost".

Jamusawa da gwiwar hannu suke kwatanta abin. "Ellenbogengesellschaft", al'ummar da kowa ke ture na kusa da shi da gwiwar hannu, ita aka zaɓa kalmar shekara a Jamus ta Yamma a 1982, kuma kuka ne ba kirari ba. Japanawa na cewa turken da ya fi sauran tsayi shi ke shan guduma. Sai "chutzpah" ta Yahudawa, wadda ake misalta ta da wanda ya kashe iyayensa sannan ya roƙi alƙali sassauci wai shi maraya ne. Wannan kam muna da ita daidai wa daida: ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. A bakin Amurkawa yanzu har ta fara zama yabo.

Idan muka dawo gida, Hausa ba ta rasa kalmomin yabo ba. Muna da ƙwazo, himma, jajircewa, tsayin daka. Sai dai duk waɗannan suna yabon yadda mutum ya riƙe aiki ne. Da zarar ya koma gabatar da kansa, sai kalmomin su juya: zaƙewa, katsalandan, neman suna, yabon kai jahilci. Kunya da kara da kawaici su ne ma'auninmu, kuma addini ya ƙarfafa hakan, tunda Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci. Duk da haka Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya ce wa sarkin Masar a ɗora shi kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani. A ganina wannan aya ta 55 a Suratu Yusuf ita ce hoto mafi kusa da abin da Bature ke nufi da "assertive": mutum ya faɗi abin da zai iya, a lokacin da ake bukatarsa, bai ƙara gishiri ba kuma bai taka kowa ba. Ina damuwa da yaranmu masu basira da ke shiga ganawar neman aiki su sunkuyar da kai, su fito hannu rabbana, saboda ba a taɓa nuna musu wannan bambanci ba.

Saboda haka kada ki wahalar da kanki neman kalma guda. A kan babi ki rubuta "tsayawa kan haƙƙi cikin mutunci". A cikin jimla kuma ki ce "mai faɗin abin da ke ransa ba tsoro, ba cin fuska". "Cusa kai" ki ajiye ta sai inda marubucin ya rubuta "pushy".